Abin da Aku Ke Gani

Litinin, 5 ga Mayu

An dawo daga bita da sabon salo. Wai jarrabawar takarda kaɗai ba ta isa ba. A zaunar da kowane yaro shi kaɗai ya karanta, sannan ya faɗa da bakinsa inda ya ji sauƙi da inda ya sha wuya, a rubuta a fom. Yara arba'in da uku! Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da aji biyu, ɗan shekara bakwai ne zai nuna mini aikina? Hedimasta ya ce, "Malama, ki dai cike fom ɗin. Waɗanda suka buga shi ma ba karantawa za su yi ba." Muka yi dariya.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ji karatun yara goma sha biyu a bencin bayan ƙofa. Wani ya ce "b" da "d" 'yan biyu ne, shi ya sa suke ruɗa shi. Aku na bar ta sai ƙarshe, tunda ita ba ta da matsala. Yara ne suka sa mata sunan, don duk abin da na karanta sau ɗaya sai ta maido shi, har inda nake tsayawa in ja numfashi. Zango biyu a jere ita ce ta ɗaya.

Talata, 13 ga Mayu

Yau Aku. Na buɗe mata shafin da ban taɓa karanta musu ba. Ta kawo littafin har ya taɓa hancinta, ta karkatar da kai.

"Malama, ki fara, ni zan bi."

Na ce a'a, ke za ki fara. Ta yi kalma uku da ƙyar, ta tsaya. Na yi mata tambayar fom, don kawai in cike layin: ina ne ya yi miki wuya?

Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin idonta na hagu. "Wannan ya kashe fitila tun hutu. Ɗayan kuma hayaƙi yake yi."

Ta faɗa kamar mai cewa fensirinta ya karye.

Laraba, 14 ga Mayu

Na tsayar da ita bakin taga. Akwai wani fari a tsakiyar baƙin idon, kamar an ɗiga madara. Tun yaushe? Kullum tana layin gaba, a gabana.

Litinin, 19 ga Mayu

Mahaifiyarta ta zo lokacin tashi. Tela ce, har da zare a jikin mayafinta. Ta ce, "Malama, ai ke kika rubuta mana madalla a katinta. Mai ciwon ido yana zuwa na ɗaya?" Na dai roƙe ta ta kai ta asibiti. Ta ce sai ta gama ɗinkin da ke hannunta.

Ga Hedimasta kuma. Baƙi za su zo daga ofishin ilimi ranar Juma'a, Aku yake so ta karanta. "Ki karanta mata shafin sau biyu, wa zai sani?" Ban ce a'a ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ta karanta. Ba tuntuɓe ko ɗaya. Littafin yana hannunta, idanunta suna bango. Aka yi tafi, wata cikin baƙin ta ce haka ake son yara. Ni na haddatar da ita. Ni.

Talata, 27 ga Mayu

Sau biyu Aku ta yi karo da kwandon shara. Yanzu da hannu take lalubo bencinta, tana dariya don kada a gane.

Litinin, 2 ga Yuni

Ba ta zo ba. Uwar ta kira ni. Likita ya haska idon ya daɗe, ya kira wani likitan, shi ma ya duba. Sun ce a tafi babban asibiti tare da mahaifinta, kada a wuce mako. "Malama, me ya sa sai da babanta?" Na ce wataƙila tsarinsu ne. Muryata ma ba ta yarda da ni ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ba wanda ya zauna a wurinta. Ban hana kowa ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Jiya aka yi wa Aku aikin ido. Na hagun ya tafi, cire shi aka yi. Na daman, suna jira su gani.

Hedimasta ya nemi jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe, na ce bai kammala ba. Ban ma fara ba. Na dai sake jin yaran ɗaya bayan ɗaya, ba don komai ba, lokaci ne ya samu. Na kai kan wata 'yar layin baya da na daɗe da rubuta wa "ba ta jin magana". Na tambaye ta inda take shan wuya. Ta kafe bakina da ido. Na maimaita. Sai da ta juyo mini da kunnenta na dama kafin ta amsa.

Na karɓi lambar wayar babarta.