Fakarar da Baba ya yanka wa baƙuwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Anti Rabi da yara, yaya zafin Maradi? Allah ya sa kuna lafiya. Mu a Nima ba lafiya ba, Baba yana hannun 'yan sanda, kuma ni na jawo.

Ranar Asabar malaman makarantarmu ta unguwar Madina suka shirya zuwa kallon tsuntsaye a dajin gwamnati, inda aka hana farauta. Na tafi da Baba don ya sha iska, tunda ba kukan tsuntsun da bai sani ba. Shugabarmu ta hango fakara, ta yi ta yabon kyanta. Ka san Baba, baƙo ba ya yaba abu ya tafi hannu rabbana. Ashe danƙonsa na harbi yana aljihu. Kafin mu ankara ya harbo ta, ya yanka da bismilla, ya miƙa wa matar da hannu biyu. Ta fashe da kuka, masu gadin dajin suka zo suka tafi da shi.

Litinin za a kai shi kotu. Ga ciwon suga, ga shi ya ƙi cin abincinsu. Na je wurin Sarkin Zango, shugaban Hausawan nan, na je wurin Liman, har yanzu shiru. Don Allah ka taho, ni kaɗai ba zan iya ba. Ka sa a yi mana addu'a a masallaci, ka gaida Inna, amma kada ta ji.

Jiya da na je ganin Baba, abu ɗaya ya tambaye ni: "Baƙuwar ta ci kuwa?"

Ƙanwarka,
Hajara