Tarin da Ya Dawo da Sani Gida

Ƙanena Lawal,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya Ikko, yaya Hadiza da yara? Mu nan Pauwa lafiya lau.

Ranar Talata muka binne Sani, abokin aikinka. Shekara uku yana kankare tsohon fenti yana wanke tankin mai a jirgin ruwa, ko ƙyalle babu a hancinsa. Da tari ya tsananta bai je wurin likitan kamfani ba, ya taho gida a yi masa maganin gargajiya.

Na ce mu rubuta neman diyya. Mahaifinsa, Baba Ilu, ya ce, "Malam, da Allah za mu yi shari'a?"

Na ce, "A'a Baba, da kamfani. Wanda aiki ya jawo wa ciwo, doka ta ba shi magani da diyya."

Amma da na buɗe akwatin Sani, takardar likita ko ɗaya babu da za mu kafa hujja da ita. Marayu huɗu ya bari.

Hadiza ta rubuto cewa kai ma kana tari. Don Allah ka ga likita, ya rubuta, ka adana takardar. Ina kewarka, amma kada ka taho gida sai da takardar nan.

Ka gaida mutanenmu, ku sa Sani a addu'a.

Yayanka,
Usman