Raɓa Mai Dafi a Gonar Sama

Dieng, farkon Yuni

Zuwa ga Kang Darsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na gonar kwakwar manja. Yaya zafin Kalimantan, yaya kuma bayan naka? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Kang, ranar tafiyarka ka ce idan gonarmu ta sama, ta can kan dutse, ta ba da dankali ko da sau ɗaya ne, za ka dawo gida gaba ɗaya. To, na shuka ta. Na san za ka ce ba lokacinsa ba ne. Mbah Rohmi ma, tsohon da gonarsa ke ƙasan tamu, da ya ga ana sauke mini buhunan kashin kaji sai ya tsaya ya ce, "Muslikah, tun kakanninmu ba a barin dankali ƙarami ya riski watan raɓa mai dafi. Ko kin yi yarjejeniya da sama ne?" Raɓar nan yake nufi da ke daskarewa ta ƙone ganye. Na ce bara ai ba ta sauka ba. Ya ce, "Bara tana hutu." In na jira sanyi ya wuce, girbin sai ƙarshen shekara, ni kuwa na gaji da dafa shinkafar mutum ɗaya.

Wani labarin kuma, Yu Painem maƙwabciyarmu ta daina noma, ta mai da gidanta masaukin baƙi. Ta matsa mini har na gyara ɗakin gaba, wanda 'yarmu Siwi ta bari da ta yi aure. Ba zan karɓi mace da namiji ba sai ma'aurata, ka kwantar da hankalinka.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Matarka,
Muslikah

Dieng, tsakiyar Yuli

Kang Darsum,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah Ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Dankali ya yi kyau, ganye ya rufe kunya. Amma kwanakin nan da yamma iska takan ɗauke, sama ta washe tas babu gajimare, kuma ka san abin da wannan ke nufi: raɓa mai dafi na hanya. Mutanen birni ma sun sani. Motoci sun cika hanya har bakin masallaci, duk sun hawo ganin ƙanƙara a kan ciyawa.

A wurin karatun mata, Yu Painem ta matso kusa da ni ta ce, "Ke da kika sauke Alƙur'ani, roƙa mana ta sauka mana. In ba ta sauka ba baƙin nan guduwa za su yi." Na ce ina da dankali a sama. Ta yi dariya ta ce, "Kina kuma da ɗaki a ƙasa. Ke ko ta ina ta faɗi kin ci." A layinmu na salla rabin mata na roƙon ta sauka, rabi na roƙon kada ta sauka, kafaɗa da kafaɗa. Ni dai na roƙi kada ta sauka, sannan na ji nauyi, don Painem ba ta da abin ci sai baƙin nan. Yanzu cewa nake Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma Ya san abin da ke raina.

Baƙina mata uku ne daga Jakarta. Bayan magariba mukan zauna a madafa, mu kewaye kaskon gawayi, ina soya musu tempe, wainar waken soya, suna ta surutu. Ɗayarsu ta ga tabon wuta a ƙwaurina ta tsorata, na ce jin ɗumin kasko ne, duk matan dutse haka muke. Rabon da a yi dariya a madafar nan tun kana gida.

Taka,
Muslikah

Dieng, ƙarshen Yuli

Kang,

Ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya.

Ta sauka. Bayan asuba baƙina suka roƙe ni in kai su inda ta fi yawa, kuma babu inda ya kai gonarmu. Na kai su. Kowane ganye ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri, ba zan ɓoye maka ba, abin da kyau. Ƙaramarsu ta miƙo mini wayarta ta ce, "Bu Muslikah, ɗauke mu hoto. Kai, kun more da kuke zaune a nan." Na ɗauke su. Ban gaya musu gonar wa ce ba, don kada in ɓata musu tafiya.

Kafin azahar ganyen ya yi baƙi ya kwanta. Na tona ƙasa, 'ya'yan ba su wuce ƙwan tantabara ba. Mbah Rohmi ya hawo, ya duba, bai ce ai ya faɗa mini ba. Ya taya ni kwance bututun ruwa kawai.

Ƙaninka Turah ya zo da yamma. Shawararsa a gina ɗakunan baƙi a gonar, kai kuma ka ƙara zama can kana aiko da na siminti. Na ce magana taka ce. Tawa kuwa, Kang, ka dawo hakanan. Za mu shuka kabeji, mu dafa gwandar dutse mu sayar, ba za mu kwana da yunwa ba.

Ina jiran amsarka.

Muslikah

Dieng, Satumba

Kang Darsum,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin bayanka ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara lafiya.

Saƙonka ya iso. Na fahimta, kuma ba zan ja da kai ba, tunda ka riga ka amsa wa masu gonar manjan ƙarin shekara biyu. Allah Ya sa albarka a ciki.

Turah ya kawo magina sun auna gonar. Sun ce dukan tagogi gabas za su kalla, don baƙi kallon fitowar rana suke biya wa kuɗi. Na ce a bar ɗaki ɗaya na ƙarshe ya kalli hanyar da motocin Wonosobo ke hawowa, wadda ka bi ka tafi. Turah ya ce, "Yu Muslikah, wannan ɗakin ba wanda zai kama shi." Na ce masa na sani.

Ka gaishe da mutanen garinmu da ke tare da kai.

Matarka,
Muslikah