Shirunmu da Ya Cinye Datar Wata

Da sunan Allah, mai haɗa abin da mutum ya raba.

Zuwa ga Fatimata, inuwar tsamiyata, ruwan randa a tsakiyar bazara, sabuwar shinkafar fadama wadda ƙamshinta ke riga mai ɗauke da ita shiga gida. Ke ce gaɓar da jirgina ya sani ko babu matuƙi, furar hantsina, uwar 'ya'yana, abokiyar shiruna. Ina yi miki sallama, da gaisuwa mai yawan yashin Kwara.

Kin ga na kira sunanki ƙarara? Shekara hamsin da biyu ina cewa "ke" ko "mutan ɗaki", bakina bai taɓa iya ɗaukar sunan nan gaban jama'a ba. Ashe alƙalami ba shi da kunya!

Shekarar da aka bar fam da sule aka kawo naira, shekarar da fari ya kashe shanun Fulani har ungulu ta gaji da ci, ran kasuwar Lolo, na gan ki kina saukowa daga kwalekwale da kwandon busasshen kifi a ka, bakin zanenki ya jiƙe. Na miƙa miki sabon kwabo. Kika jujjuya shi, kika dube ni, kika maido mini, domin ku mutanen Madikali sefa kuka sani. Ba ki ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Wayyo, wane maroƙi ne ya taɓa rera abin da ya kai wannan shirun daɗi? Tun ranar na san da bakin da za mu yi zama, ni da ke.

Ni da ban taka ƙofar boko ba, allon ma na gudu tun ina izu biyu, ke kika zaunar da ni bayan aure kika koya mini baƙi da wasali da tsinke a ƙasa, yadda Malam babanki ya koya miki. In kin ga baƙaƙen nan sun karkace kamar sawun kaza a taɓo, to malamar za a tambaya.

Yau wata huɗu da kwana tara ke nan da kika ƙetare zuwa Madikali jinyar Yaya Asma'u, tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ban hana ki ba, kuma ba zan hana ba, zumunci ai a ƙafa yake. Ƙafar ce ni ba ni da ita, kin kuma san dalili. Duk Geza, in an yi rikicin iyakar gona ni ake kira, in ana neman wa ya haifi wa ni ake kira. Na san kakana Albashir ya noma gero nan ya noma can, kabarinsa ma yana ƙarƙashin tsamiyar da ke ɓangarenku. Shekarar da aka fara rufe boda na tafi ziyararsa, wani mai kaki da bai kai ƙanen ƙanena ba ya tare ni ya ce in nuna takarda. Takarda, in taka ƙasar da kakana ke kwance! Nan na rantse da Allah ba zan ƙara wucewa ba sai ranar da aka daina tambaya. Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da rantsuwar nan kamar makaho da sandarsa. Ko rasuwar babanki, a Lolo na tsaya, bakin ƙarfen da suke gittawa, na yi masa addu'a na juyo. Ba ki ce mini kome ba. Amma shirun da kika yi a wancan watan ba irin namu ba ne, na sani.

To da kika tafi wannan karon, autarmu Raliya ta aiko daga Birnin Kebbi da wayoyi biyu masu shafawa, ta zuba musu data ta wata guda, ta ce mu riƙa kiran bidiyo. Na ce alhamdu lillahi, ga dabara ta samu: in ga matata, in riƙe rantsuwata. Na yi zaton na yi wa boda wayo.

Kin tuna ranar farko? Da hantsi na hau tudun bayan gari, gindin ɗorawa, domin nan kaɗai sabis ke tsayawa da ƙafafunsa. Sai ga ki cikin tafin hannuna! Fuskar nan mai kama da wata ɗan sha huɗu, da ɗan tabon nan na gefen gira, da ɗankwalin da na sayo miki a Kamba. Muka gaisa. Na tambayi mai jiki, kika tambayi awaki. Magana ta ƙare. Amma wa zai kashe? Kika jingina taki jikin turmi kika ci gaba da tsintar shinkafa a faifai. Na jingina tawa jikin saiwar ɗorawa na ci gaba da tufkar igiya. In na ɗaga kai in gan ki, in kin ɗaga kai ki gan ni. Zakaranku ya yi cara, namu ya amsa masa. Haka har aka kira azahar. Wallahi ya sanyin idona, ban ji na rasa kome a duniya ba ranar nan. Washegari haka, jibi haka.

Rana ta huɗu fuskarki ta daskare. Hannunki na sama da faifai, bakinki a ɗan buɗe, wani ɗan zobe yana ta kewaya a kan goshinki kamar akuya a turke. Na girgiza wayar, na ɗaga ta sama, na hura mata iska, har na tofa mata addu'a. Ina! Sai na hau babur zuwa Bagudo wajen Ɗanmusa mai caji, taubashin nan nawa da furfura ta cika wa gemu amma ba ta kai ga hankali ba. Ya latsa, ya latsa, ya dube ni.

"Na'Allah, datar wata ce ka cinye cikin kwana uku. Me kake faɗa wa tsohuwar nan haka? Ko tun daga Annabi Adamu ka faro mata?"

Na ce, "Ba mu faɗi kome ba. Zaune dai muke."

Fatimata, sai da ya riƙe ciki. Ya kira mai nama, ya kira mai faci, ya ce, "Ku zo ku ga mutumin da ya sayi shiru da tsada! Kai tsoho, in zama kake so, ai tabarma ta fi araha."

Da dariya ta sake shi ya yi mini bayani. Wai data kamar ruwan jarka ce, an auna maka, in ta ƙare ta ƙare. Murya da ludayi take sha, hoto kuwa da bokiti, kuma kamfani ba ruwansa da ko kun yi magana ko ba ku yi ba. Na ce masa ƙarya ne, iska ce ke ɗaukar abin, wa ya shuka iska da zai sayar da ita mudu-mudu? Ya ce dogon ƙarfen nan na sabis man dizil yake sha ba hutu, ga mai gadi, ga wayoyin da aka binne har ƙarƙashin teku. Na tashi ina faɗa. Amma a hanya, da muka zo kusa da ruwa, na tuna mai fito. Fasinjan da ya yi surutu da wanda ya kama bakinsa, ai kuɗin jirgi ɗaya suke biya, domin nauyinsu jirgi ya ɗauka, ba zancensu ba. Ashe shirunmu nauyi gare shi, ya zumar farar ƙaya! Shirun shekara hamsin da biyu, ina jirgin da zai ƙetare da shi kyauta? Ban faɗa wa Ɗanmusa yana da gaskiya ba, kada ki faɗa masa.

Raliya ta sake zubawa, Allah ya yi mata albarka. Sai kuma aka ƙara wa data kuɗi, abin da ke kai mutum ƙarshen wata ya koma ajiye shi tsakiyar hanya. Ke kuma can layin Benin kike kai, da sefa ake ciyar da shi, sefa kuwa yanzu ta zama giwa naira ta zama tunkiya. Na ce wa yarinyar ta bari. Tana da nata bakunan da take ciyarwa, ba zan sa ta biya kuɗin zaman tsoho gindin ɗorawa ba.

Muka koma Juma'a zuwa Juma'a, kaɗan-kaɗan, kamar gishiri a shekarar yunwa. Ɗanmusa ya ce in riƙa magana da sauri. Ni? Ni da ko labarin ɓatan jaki zan bayar sai na faro daga kakan mai jakin? Muka riƙa gaisawa muna tsere kamar masu gudun ruwan sama. In muka ɗan yi shiru, sai in ga idonki ya koma gefen wayar, nawa ma haka, kowa na tunanin jarka tana yoyo. Wane tuwo ne zai yi daɗi ana ƙirga maka loma? Na fi kewarki bayan kiran fiye da kafin shi.

Sai na ce bari in gwada saƙon murya, tunda shi da ludayi yake sha. Na danna, na ajiye wayar kusa da ni, na yi tufkata, na aika miki shiru tsantsa. Ɗanmusa ya ce da ya san haka da ya kai ni asibiti. Amma ke kin gane, ya kurciyar gidana, ke kaɗai a duniya! Kwana biyu sai ga naki. Na ji taɓarya tana sauka a turmi, na ji tarin Yaya Asma'u daga ɗaki, na ji ɗan tsakon da ke bin ki. Can kusa da ƙarshe taɓarya ta tsaya, kika sauke numfashi sau ɗaya.

Fatimata, na san numfashinki yadda na san iyakokin gonakin Geza. Na san na gajiya, na san na ƙoshi, na san na in na yi baƙo ban faɗa miki ba. Wannan sau ɗaya tak na taɓa jin shi, ranar da na juyo a Lolo ban je jana'izar babanki ba. Na saurari saƙon nan har sau bakwai, tunda abin da ya riga ya sauka ba ya ƙara shan data, wannan kam kamfani ya yi adalci. Duk saurare sai in ji kina ɗaga yayarki ke kaɗai, kina juya ta ke kaɗai, kina fitowa tsakar gida ba wanda za ki yi shiru da shi. Me rantsuwata ta tsare mini? Mai kakin nan wataƙila ya daɗe a kabari, ni ina nan ina fushi da shi, matata tana sauke numfashi a wata ƙasa!

Kada ki ɗauka kuka nake. Lafiyata lau, gwiwar ma ta yi sauƙi. Shinkafa ta shiga rumbu, jar akuyarki ta haifi biyu, rijiya ba ta ja baya ba. Mutumin da Allah ya ba irinki, ya kuma bar masa ke har furfura, in ya yi ƙorafi ai ya yi butulci. Zuciyata fari ƙal take kamar audugar da aka shiɓe. Har godiya nake wa masu awon data. Da sun bar mini ita ba iyaka, da ina nan gindin ɗorawa ina kallon ki ta gilashi har ranar da za a ɗauke ni, ina ganin ni mai wayo ne.

Jiya bayan la'asar na je wajen Liman. Na tambaye shi hukuncin wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi rantsuwar alheri. Ya ce ya yi kaffara ya aikata alherin. Ya ƙara da cewa shekara talatin yake jiran wannan tambayar daga bakina. Yau da hantsi na buɗe rumbu na auna wa gidaje goma na mabukata shinkafa, da hannuna na kai. Da na dawo na jawo akwatin ƙarfe, na zaro katin ɗan ƙasar nan da Raliya ta ja ni aka yi mini, wanda ban taɓa nuna wa kowa ba. Hoton bai yi kama da ni ba, wani tsoho ne mai ɗaure fuska. Ko da yake ke za ki ce shi ne.

Na yi tunanin wanda zai kawo miki wannan takarda. Isma'ila mai babur yana shiga Benin duk mako, Aminat mai albasa ma haka. Sai na ga maganar da na ɓoye shekara hamsin da biyu ba ta aljihun kowa ba ce.

Don haka gobe in Allah ya kai mu, da na sallame asuba, zan ba awaki dusa, in bar wa maƙwabta makulli. Zan sa shuɗiyar rigar nan da kike so, in hau babur zuwa Bagudo, in shiga motar Lolo. A bakin ƙarfe, duk wanda ya ce in nuna, zan nuna, ko jikan jikana ne, har in ce masa sannu da aiki. Tsamiyar kakana tana nan, ta jira shekara arba'in da ɗaya, za ta iya jiran jibi. Gidanku zan fara. Wayar zan kashe ta in jefa a jaka tare da ramar tufka. In na yi sallama kada ki tashi, kada ki ce kome. Ki matsa mini gefen tabarma kawai. Zan miƙa miki takardar nan ki karanta a gabana, ni kuma in kama igiyata, mu zauna har azahar, mu zauna har la'asar, mu ga wanda zai zo ya ce ta ƙare.

Naki tun zamanin sabon kwabo, naki har a mayar da ni ƙasa, kuma in Allah ya yarda naki a inda babu boda babu awo,

Na'Allah na Geza.