Gonar Tsakuwa a Bayan Ɗakin Jemimah

Samaru, Zariya
Watan Fabrairu

Uwargidana Keziya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gwiwar taki, yaya jikoki da mutanen coci? Ni jiki da sauƙi. Kada karkacewar rubutun nan ta dame ki, hannun dama ne yake ɗan gardama tun bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Likitoci dai sun iya tsorata mutum. Kafin ruwan farko zan dawo in shuka cittata da kaina, saboda haka kada ki ba kowa gonar.

'Yarki Jemimah ta gaji da mitar da nake mata ta komawa gida, sai ta haɗa mini wai gona a bayan ɗaki. Da kin gani da kin riƙe baki! Tanki ne da 'ya'yan tarwaɗa a ciki, ta sayo su wurin wata Madam Bibiana a Sabon Gari. Wani ɗan inji yana tura ruwansu ta bututu zuwa rabin duro cike da tsakuwa, ruwan ya zagaya ya komo musu. A tsakuwar nan aka dasa tumatir da alayyafo. Ƙasa ko ta cikin cokali babu! Wai kashin kifin ne taki, saiwoyi kuma su tace wa kifin ruwa. Aikina in ba su abinci in zuba ido. Ni Shekari, da na tsufa da fartanya a kafaɗa, yau ni ne mai gadin kifi.

Naki har kullum,
Shekari

Samaru
Watan Maris

Keziya tawa,

Ina fata kina lafiya kamar yadda muke. Na ji saƙon Othniel ɗan ƙanena, cewa a ba shi aron gonar bana. Ki ce masa mai gona bai mutu ba.

Abin nan na Jemimah ya ishe ni, Allah ya sani. A ɗauke wuta, inji ya tsaya, kifi su taso sama suna hamma, ni kuma in yi ta kaɗa ruwa da ludayi kamar mai dama kunu. Ga ganyen tumatir ya yi rawaya, ya tsaya wuri guda. Na yi magana, ta ce in yi haƙuri, wai akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani da sai sun zauna a tsakuwar kafin abu ya kankama. Haba! Ganye rawaya yunwa ce, ko a Zariya ko a garinmu Kaciya. Ta hana ni ƙara komai, amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na roƙi maƙwabciyarmu kashin kaji, na kuma tara toka. Ba zan gaya mata ba sai ganye ya yi kore shar, sannan ta san wanda ya haife ta.

Ki gai da kowa.
Mijinki,
Shekari

Samaru
Watan Afrilu

Maman Jemimah,

Ina gaishe ki. Ina fata kin kwana lafiya, ni dai raina a ɓace yake.

Da ta tafi ofis na tusa takin a tsakuwa. Ban tuna cewa ruwan da ya ratsa can shi ne yake komawa kan kifi ba. Kafin rana ta take, ruwa ya yi baƙi, ga wari, tarwaɗa sun fara juya farin ciki sama. Na buga wa Madam Bibiana waya, ta kwatsa ihu da guntuwar Hausarta, wai Baba canja ruwa yanzu-yanzu.

Rijiya ga ta nan, Keziya, kusa kamar daga ƙofarmu zuwa rumbu. Na cika bokiti, na ɗaga, hannun ya saki. Na sake, ya sake saki. Daga ƙarshe na zame na zauna cikin caɓi, ina kallonsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, kuma ba kifin kaɗai na yi wa ba.

Jemimah ta dawo ta same ni a nan. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ɗaga ni kawai ta yi, ta ɗaura zane ta hau wanke tsakuwa. Kifi kaɗan ne suka tsira.

Jiya ruwan farko ya sauka, na ji ƙamshin ƙasa har cikin ƙirjina. Jiki magayi. Ki kira Othniel ki ba shi gonar, ki nuna masa irin cittar da ke rami. Ki aiko mini da irin gauta na wajenmu in gwada a tsakuwar nan. Fartanyata kuwa ki shafa mata mai ki rataye a ɗaki. Ita kada ki ba shi.

Naki,
Shekari