Kada Ka Tayar da Gwaggo

Zuwa ga ƙanina Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Amarya da takwarata. Yaya aikin koyarwa? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Mama da ke taɓa ta in an yi sanyi.

Bayan gaisuwa, kada ka tayar da Gwaggo. Na fara da wannan ne don na san halinka, layi uku kake karantawa ka ninke takarda. Na kira wayarka ya fi sau ashirin, na kuma san a makarantar nan taku sai mutum ya hau tudu kafin waya ta kama, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan ya kawo maka.

Ka san akwatin ƙarfen nan na saman kabad, inda Mama ke ajiye duk wasiƙar da ta zo da sunan Baba tun rasuwarsa. Cewa take yi yana da rai ba wanda ya taɓa buɗe masa wasiƙa, ba kuma a kanta za a fara ba. To shekaranjiya rufin ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatin. Muka baza takardun a tabarma su sha iska, ambulan duk suka saki baki da kansu. Uku daga kamfanin da ya ƙera motar Baba da ke hannunka suke, maganarsu ɗaya. Wai jakar iskar da ke gaban mai zaman gaba, wadda ke kare mutum in an yi karo, tana da lahani a motocin shekarar da aka ƙera ta. In ta tsufa ta sha zafi da damshi, ko ɗan ƙaramin karo aka yi sai ta fashe, ta watso guntayen ƙarfe a fuskar wanda ke zaune. Sun ce a kai motar su canza jakar. Ta farkon, shekararta huɗu a akwati.

Mu da muke ganin mun san duk ciwon motar nan: tarin safen da ya sa Baba ya raɗa mata Gwaggo, ƙofar bayan da sai an buɗe ta daga waje, jar fitilar da ya liƙe da salatif don wai tana hararar Mama. Duk muna dariyarsu. Ashe babban ciwon yana kwance shiru, ko tari ba ya yi.

Ka ce ranar da aka ba da hutu za ka kawo su Amarya gida. Ku hau motar haya, don Allah. Ka gaida su.

Yayarka.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Allah ya sa kuna lafiya, ya sa takwarata ta daina zazzaɓin haƙori.

Yau kwana tara, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Direban ya rantse mini a hannunka ya danƙa takardar, har ka ce a gaishe ni. Gaisuwa na aike ka nema? Tun ranar ban sami sukuni ba. Jiya a shago na ɗinka hannun rigar mutane a baibai, na farke, na sake ɗinkawa a baibai. Da na ji ƙarar mota a layinmu sai in tsinci kaina a bakin ƙofa da almakashi a hannu.

Na je garejin kamfanin da kaina. Babban makanikinsu, wani dattijo mai gilashi ɗaure da zare, ya duba lambar motar a takarda ya ce tana cikin masu lahanin. Na tambaye shi ko in an tafi a hankali ba komai. Ya ce shi dai ko matar maƙiyinsa ba zai zaunar a kujerar nan ba. Aikin kuma bai fi awa biyu ba. Awa biyu, Auta, muka bari shekara huɗu.

Akwai abin da ban faɗa maka ba a ta farko. Ni na karɓi wasiƙun nan uku daga hannun mai kawowa. Na ga tambarin kamfanin, na ga jan rubutun da ke bayan ta ƙarshe, na kai su akwati da hannuna don ba na son ganin hawayen Mama. Ni ce kuma na hana a sayar da motar, na ce kai za a ba, ƙamshin Baba na ciki. In wani abu ya same su, ban san da idon da zan kalle ka ba. Tsoro nake ji, ƙanina, ban taɓa jin irinsa ba.

Na san wasiƙata ta bara ta yi zafi, na yi maka faɗan rashin zumunci fiye da kima. Wannan ba faɗa ba ce. Hutu saura kwana biyar. Mama na gaishe ku, ta kasa haɗa ido da ni.

Yayarka mai jiran amsa.

*

Auta,

Barka da hutawa, da fatan gajiyar hanya ta sake ku. Kada ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da bango ɗaya ya raba ku. In na buɗe baki kuka zan yi, kai kuma ka ce Yaya ta fara.

Jiya da ka shigo layi kana danna ham kana dariya, ni ba kai na gani ba. Amarya na gani a kujerar gaba, takwarata a cinyarta, tana buga ɗan tafinta a daidai murfin jakar nan. Awa shida ke nan a haka, har da akuyar da ka ce ka kauce wa da ƙyar. Shi ya sa na fizge yarinyar ban amsa sallamarka ba, ba fushi ba ne.

Mabuɗin da kake ta nema tun safe yana wurina. Makanikin ya zo da motar jan motoci ya tafi da Gwaggo kana wanka. Da nake kwashe kayan ciki na buɗe aljihun gaba, sai ga wasiƙuna biyu a kan takardun mota, a liƙe yadda na aiko su. Amarya ta ce da ka ga rubutuna cewa ka yi faɗan Yaya ba ya tsami, sai an zo gida a karanta. Na so in ji haushinka, na kasa. Gado ba ya ɓuya, a gidan nan ka koya, a wurina.

Ɗazu Mama ta sa an sauko da akwatin, ta sa gilashin Baba, tana buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in ka fito ka je ka taya ta karantawa.

Ga biyun can na haɗo maka da wannan. Ita wannan ban sa ta a ambulan ba, ban ko ninke ta ba.

Taka har kullum,
Yayarka.