A Bakin Masai Kuka Ajiye Mu

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai na jami'armu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatan ofishinka.

Sunana Hafsat, ɗalibar aji uku a sashen tattalin arziki, kuma shugabar ƙungiyar ɗalibai masu cutar sikila a wannan jami'a. Ni ma da ita aka haife ni. Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda na gaji da zaman bencin ƙofar ofishinka. Kullum sai a ce min ka shiga mitin, in dawo gobe. Tunda ban samu ganinka ba, bari in faɗa maka abin da aka yi mana a inda kowa zai ji.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, kuma abin da muke nema ba mai yawa ba ne. Asibitin makaranta yana da silindar oksijin guda ɗaya, wadda yawanci ba komai a cikinta. Mai sikila idan ciwo ya sauka masa a ƙirji, iskar nan ce ke riƙe shi kafin a kai shi babban asibiti. Shi ya sa muka yanke shawarar mu tara kuɗi mu sayi injin oksijin mai aiki da lantarki, da batirin da zai riƙe shi in an ɗauke wuta, mu ba asibitin kyauta. Ba mu nemi sisin jami'a ba. Wuri kawai muka roƙa da izini, mu yi kasuwar abinci ta yini ɗaya.

Na farko, maganar doka. Ofishinka ya ba mu sharuɗɗa: a nemi izini a rubuce tun da wuri, malamar da ke kula da ƙungiya ta sa hannu, ba a karɓar tsabar kuɗi sai dai a tura asusun jami'a, ba a shigo da 'yan kasuwa daga waje, ba a kunna lasifika. Ba mu yi musu da ko ɗaya ba. Ni kaina na ga hikimar wasu, domin mun sha jin labarin ƙungiyoyin da suka tara kuɗi aka rasa inda suka shiga. Mun bi su ɗaya bayan ɗaya, aka buga mana hatimi, aka rubuta cewa filin gaban ɗakin karatu namu ne a ranar.

Sai dai kafin a buga hatimin, jami'in da ke raba wuraren taro a ofishinka ya ja ni gefe. Ya ce akwai wata mai dafa abincin biki da ya sani, in muka ba ta kwangilar girkin, takardarmu ba za ta kwana ba. Na ce masa ba mu da kuɗin kwangila, iyayenmu ne za su dafa mana. Ya yi murmushi ya ce to Allah ya ba da sa'a. A lokacin na ɗauka addu'a ce.

Iyayen namu kuwa sun yi abin da ya fi ƙarfinsu. Mahaifiyata ta yi dambun shinkafa da zoɓo a gidanmu da ke Malali. Wata daga Unguwar Kanawa ta aiko da alale da kunun aya, wata ta soya kaji. Wadda ta fi kowa wahala ita ce Inna Rabi, mahaifiyar ma'ajinmu Bashir. Masa take sayarwa a ƙofar gidan hayarsu a Abakpa, mijinta direban babbar mota ne, mutanen Zamfara. Ta ajiye cinikinta na ranar gaba ɗaya, ta jiƙa shinkafar jarinta, ta toya mana masa cike da kuloli, da miyar taushe mai nama. Da na ce za mu mayar mata da kuɗin shinkafar in an tashi, ta ce in daina wannan magana, injin nan ai na ɗanta ne. Saboda dokar hana 'yan kasuwa shigowa, ba ta wuce get ba. Nan ta miƙa mana kulolin, ta ce za ta dawo da la'asar ta karɓa.

Na biyu, abin da ya faru a ranar. Mun jera teburanmu a gaban ɗakin karatu da safe. Ranka ya daɗe, ka zo da kanka, da mai ɗaukar hoto a bayanka. Ka tsaya a tsakiyarmu, ka dafa kafaɗar Bashir, aka ɗauka, ka ce Allah ya yi mana albarka, ka shiga mota. Mun ji daɗi ƙwarai, har wasunmu suna cewa ashe ana sane da mu.

Motarka ba ta gama fita ba wata babbar mota ta shigo, ta wani kamfanin lemon gwangwani mai sa kuzari. Suka sauke rumfuna da manyan lasifikoki. Jami'in nan na ofishinka ya zo da masu gadi, ya ce an samu kuskure, kamfanin ya riga mu neman filin. Na nuna masa takardarmu mai hatimin ofishinku. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce an ba mu wani wuri mai iska a bayan ɗakunan kwanan maza.

Ban sani ba ko ka taɓa taka wurin nan da ƙafarka. Nan ne masai ya fashe tun zangon karatun da ya wuce. Baƙin ruwa na kwance a cikin ciyawa, yana tafasa in rana ta yi zafi. Ɗalibai toshe hanci suke su wuce da sauri. Ba bishiya, ba rumfa, ba famfo. Nan aka ce masu sikila su tsaya cikin rana su sayar da abinci, mutanen da likita ke gargaɗinsu kullum a kan zafi da ƙishirwa. Muka matsar da teburan iya nisan da za mu iya, muka rufe komai da leda, amma ƙudaje suka baibaye mu. Duk lokacin da na buɗe kula sai in yi maza in rufe. Daga can kuma muna jiyo kiɗan kamfanin yana girgiza tagogin ɗakin karatu. 'Yan kasuwa ne daga waje, da lasifika, suna karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Duk abin da aka hana mu, su suna yi a filin da aka rubuta da sunanmu.

Duk da haka mutane sun zo. Malamai sun zo, masu shara sun zo, ɗalibai sun zo suna toshe hanci suna tura kuɗi. Da yawa ko abincin ba su karɓa ba, suka ce sadaka ce. Wannan ne kawai abin da nake tunawa a ranar in ji sanyi a raina.

Bayan azahar sai ga jami'in ya dawo, wannan karon da wani mai kula da tsafta. Suka ce sayar da abinci kusa da ƙazanta ya saɓa dokar jami'a, don haka an kama kayan. Na ce masa ai shi ya kawo mu nan. Ya ce, "Ni wuri na ba ku, ban ce ku kasa abinci a kan kashi ba." Masu gadi suka kwashi kulolin suka juye masa da miya da dambu cikin durom ɗin shara a gabanmu. Kajin ne kaɗai ba su juye ba. Su aka ce za a kai ofis a matsayin shaida.

Da la'asar na raka Bashir get da kulolin da ba komai a ciki. Inna Rabi na zaune a kan dakali tana jira. Ta buɗe ɗaya ta ga wayam, fuskarta ta washe, ta ce, "Har an cinye?" Bashir ya ce mata eh, Inna, an cinye. A daidai lokacin, a cikin ɗakin masu gadi da ke bayanta, ina hango su sun kewaye shaidar da aka ce za a kai ofis, suna tsotsar ƙashi. Ban taɓa jin ƙyamar wani wuri ba kamar yadda na ji ƙyamar makarantata a wannan yammaci.

Na uku, kuɗin. Abin da jama'a suka tura ya isa sayen injin, mun riga mun yi ciniki da wani mai sayar da kayan asibiti a cikin gari. Amma kuɗin na asusun jami'a, kamar yadda doka ta ce. Da muka nemi a fitar, aka ce sai kwamiti ya zauna. Da kwamiti ya zauna, aka ce ba a sayen kaya sai ta hannun ɗan kwangilar jami'a, shi kuwa farashinsa ya kusa ninka wanda muka samo. Sannan aka kawo mana takarda cewa za a cire kuɗin hayar wuri da kuɗin share shi. Hayar bakin masai, ranka ya daɗe, da sharar abincinmu da aka zubar. Har yau da nake wannan rubutu, zangon karatu ya ƙare, wani ya kama, ba inji, ba kuɗi, ba bayani.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na kasa yin shiru. Ana gab da fara jarrabawa ciwo ya kama Bashir a ƙirji yana cikin aji. Abokansa suka ɗauke shi zuwa asibitin makaranta, nas ta murɗa silinda, ba iska. Motar asibiti kuma an fita da ita. A keke napep muka sa shi, kansa a cinyar abokinsa, muna kutsawa cikin cunkoso yana jan numfashi kamar ana shaƙe shi. Ina gefe ina kallon leɓensa na canza launi, kuma na san kuɗin injin da zai sauƙaƙa masa suna kwance a asusunku. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya daɗe a kwance, jarrabawa ta wuce shi. Ba na cewa ku kuka sa masa ciwo, da shi aka haife shi. Abin da nake cewa shi ne mun ga wannan rana tana zuwa, mun yi tanadinta da guminmu da na iyayenmu, kuka tare hanya.

Da aka sallame shi, mahaifinsa ya zo ya naɗe katifarsa ya ɗaura a bayan mashin. Na roƙe shi ya yi haƙuri, ya ce min, "'Yata, na fi son shi da rai a kan digiri." Yanzu Bashir na gida a Abakpa yana taya mahaifiyarsa ƙulla miya a leda. Shi ne ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu.

A cikin makon da yake kwance a asibiti, shafin jami'a na intanet ya sa hoton nan da aka ɗauka da safiyar ranar kasuwarmu. Kai ne a tsakiya, hannunka a kafaɗarsa, an rubuta a ƙasa cewa jami'a na tsaye da ɗalibanta masu sikila. Mutane na ta yabo suna sa albarka. Ban san wanda ya sa shi ba, ban kuma san ko ka gani ba. Amma ciwonmu ya isa a yi talla da shi, bai isa a ba mu inuwa ba.

Saboda haka ina roƙonka, da girman kujerarka:

A saki kuɗin nan cif, ba tare da cire komai ba, a sayi injin a gaban wakilan ƙungiyarmu da likitan makaranta. In hakan ba zai yiwu ba, a mayar wa kowane mai bayarwa kuɗinsa, mu sake nema a wajen katangar jami'a.

A ba Bashir damar rubuta jarrabawar da ta wuce shi, a kuma aika wa mahaifinsa a rubuce cewa gurbinsa na nan.

A binciki yadda filin da aka ba mu ya koma hannun kamfani, da abin da aka karɓa a kai, da wanda ya karɓa.

A nemi afuwar iyayenmu mata da suka yi girki, a sauke hoton nan, a gyara masai ɗin kafin ya jawo annoba. Dokokin tara kuɗi kuma a bar su yadda suke, ba mu ƙi su ba. A ɗora su a kan kowa kawai.

An gargaɗe ni cewa wannan wasiƙa na iya kai ni gaban kwamitin ladabtarwa, wasu ma sun ba ni shawarar in ɓoye sunana. Na kai wa mahaifina, wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya karanta ta a tsakar gida daga farko har ƙarshe. Ya tambaye ni ko akwai abin da na ƙara a kan abin da ya faru, na ce babu. Ya miƙo min ita ya ce in sa sunana, in an kira ni tare za mu zo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci a kan amanar da ke wuyanka, ya kare 'ya'yanka daga ciwon da ke sa mutum neman numfashi ya rasa.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibarka,
Hafsat,
Shugabar ƙungiyar ɗalibai masu sikila,
Malali, Kaduna.